Sai Maigida Ya Ce a Shiga

Fatchima ba ta iya shiga ɗakin mutum ta zauna kamar kowa ba. Kina gaishe ta tana amsawa, amma idonta na kan bango. Kafin ki kawo mata ruwa ta riga ta ga inda hayaƙin fitila ya baƙanta, ta ga ramin ɓera a kusurwa, ta kuma gane cewa gadonki ya tare hasken taga. Ba za ta faɗa ba, don mai kunya ce. Ni Zouéra, da muka yi maƙwabtaka da ita shekara da shekaru a unguwar Albarika ta Parakou, na sha ce mata, "Faɗi abin da kika gani mu huta, wanga kallo naki ya fi zagi ciwo."

A Djougou aka haife ta, gidan fataken goro. Kakarta ce mai yi wa amaren unguwarsu daɓe da shafen farar ƙasa, a wurinta ta ɗauki hannu. Da ta girma aka aura mata Hachimou, mutumin Bariénou, direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga gar, inda jirgin ƙasa ke ƙarewa, ya kai su Nijar. Da guminsa ya gina gidansu na Albarika, ɗaki bayan ɗaki, ginin ƙasa da rufin kwano. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ma aure ya kai ta Nijar.

Wanda ke da halin sayen fenti a kanti ba ya neman Fatchima. Nata aikin na irinmu ne. Masu walda na bakin gar suna da wani farin taɓo da suke zubarwa idan sun gama da karbir, dutsen da suke jiƙawa ya ba su wutar walda, ni nake kwaso mata shi a bokiti, tunda ni dillaliya ce, babu lungun da ƙafata ba ta sani ba. Sai ta tace shi da tsohon ɗankwali, ta zuba gishiri da ɗan ƙaro don kada ya riƙa bin rigar mutane, ta ɗiga bula kaɗan. In ya bushe, fari ne har yana ɗaukar ido. Gindin bango ta ja masa layi da ruwan makuba, ƙasa ta sha daɓe, sama kuma ta manne takardun buhun siminti da kunun rogo, ta shafe su, sai ka rantse silin ne na gaske.

Amma kafin duk wannan sai ta sa an fitar da komai, ta zauna ita kaɗai a tsakiyar ɗakin tana kallon inda haske ke faɗawa. In an zo mayar da kaya, rabi ba ya komawa. Mata sukan yi ta mita, wai ta raba su da kwallayensu. Bayan kwana biyu kuma su ne ke jawo baƙi su zo su ga yadda ɗakin ya ƙara faɗi.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin juyin juya hali, lokacin da kowa ya zama kamarad har da ɓarawon akuya, albashin ma'aikata kuma ya fara tsayawa, Hachimou ya yanke jiki ya faɗi a gefen motarsa yana ɗaure kaya. Ɓarin damansa duk ya mutu. Magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar yake fizgo ta. Mutumin da in ya yi dariya a zaure ana jin sa a bakin famfo, ya koma kwance a ɗaki, ya hana kowa shigowa duba shi in ba jininsa ba.

Damina biyu suka wuce ba a yi wa gidan yaɓe ba. Bangon baya ya yi ciki, kowa ya gan shi ya san ba zai ga wata damina a tsaye ba, kuma in ya faɗi zai tafi da ɗaki guda. Aikin Fatchima ya ja baya, don wanda bai ci ba ba ya tunanin bango. Ana cikin haka Moumouni, ƙanen Hachimou, ya zo daga Bariénou. Manomi ne, ba ya kwana-kwana.

"Yaya Fatchima, ku taho gida," in ji shi. "Abinci akwai, fili akwai. A sayar da gidan ga tun shina tsaye, a yi muku ɗaki can, a nema mishi magani da saura. Amma kada a gaya ma Yaya sai an gama. Zuciyarshi ba ta ɗauka."

Fatchima ta yi tagumi. Daga baya ta ce to. Ni ma da aka tambaye ni na ce haka ya fi.

Sai dai sayar da gida a lokacin ba abu ne da ake shela ba. Ana ta raɗe-raɗin cewa gidan da ya yi kyau, kuma babu namiji tsayayye a cikinsa, kwamitin unguwa na iya sauke ma'aikacin gwamnati a ciki, a ce za a riƙa biyan haya, ka yi ta jira. Ban taɓa ganin an yi wa kowa da idona ba, amma kowa ya san wanda ya san wanda aka yi wa. Saboda haka muka yanke shawara, mu a ganinmu dabara: ciki za a gyara ya zama kamar na amarya, waje da zaure kuma a bar su yadda suke, da zubabben yaɓensu da tsofaffin tayoyin Hachimou, don kada idon kowa ya tsaya a kai.

Wata safiya ina dawowa da bokiti a ka, sai ga Tahirou, delegen unguwa, wato shugaban kwamitin nan, tsaye a bakin famfo da jaka a hammata. Shi wannan faci yake yi wa kekuna kafin a ba shi muƙami, na san shi tun yana yawo da wando ɗaya.

"Kamarad Zouéra, wa ke gini cikin unguwa ban sani ba?"

Na ce, "Gini kuma? Kuɗin cizo ne suka hana marar lafiya barci, za mu shafa ma bango."

Ya leƙa bokitin, ya ja da baya. "Bon. Tsabta aikin juyin juya hali ce. Zan zo in duba."

Bai zo ba. Amma daga ranar, duk namijin da ya yi sallama a ƙofa, sai Fatchima ta saki abin da ke hannunta. Har mai sayar da kananzir sai da ya sa ta zubar da rabin ƙwaryar makuba.

Ban taɓa ganin ta yi aiki irin na gidan nan ba. Ta kankare, ta cike tsagogi, ta shafa, ta sake shafawa. Tsofaffin zannuwanta ta kai marina aka turo su baƙi-shuɗi, ta yi labule. Wani madubi da ya fashe tun tuni, ta gyara bakinsa ta rataye shi daidai inda zai kamo hasken taga ya jefa cikin ɗaki. Jerenta na aure, da ta fi ƙauna a duniya, ta kwashe ta kai ɗakina ajiya, ta bar kwalla uku kacal a kan kanta. Bangon baya kaɗai ta ƙi taɓawa, ta ce duk mai saye ya gan shi yadda yake. Ɗakin da Hachimou ke kwance kuwa shara kawai take yi masa, don warin farar ƙasa na sa shi tari.

Shi kuma ta ce masa gyaran Babbar Sallah take yi. Ranar da matan unguwa suka taru yin daɓe, suna buga madaɓi suna waƙa, na leƙa na gan shi yana bin kiɗan da yatsun hagunsa a kan ƙarfen gado, rabin fuskarsa na murmushi. Na fito na tarar da Fatchima a bayan madafi tana share ido da bakin zane. Ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Aiki ya ƙare, sai jiran mai saye. A nan muka gane mun haƙa wa kanmu rami. Ma'aikata ba su da ko na cefane, balle na gida. 'Yan kasuwar da Moumouni ya riƙa jawowa a ɓoye kuwa, daga bakin hanya suke tsayawa, su dubi zubabben bango, su dubi zauren da ya yi baƙi ƙirin, su ce za su yi shawara. Babu wanda ya ko cire takalmi. Duk kyan da muke taƙama da shi yana can ciki, inda namiji baƙo ba ya kaiwa. Zafi ya tsananta, mangwaro ya nuna, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma. Fatchima ta rame, wuyanta ya fito. Kullum da la'asar sai ta fito tsakar gida ta dubi sama, sannan ta dubi bangon baya.

Daga ƙarshe Moumouni ya zo da Alhaji Sammani, wani dattijon mai goro na Djougou, wanda ya san mahaifin Fatchima. Yana neman gida kusa da gar, inda zai riƙa sauke kaya da baƙinsa. Shi bai tsaya a hanya ba. Ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma cikin zauren nan mai ƙura kamar a falonsa. Ni na tsaya daga ƙofar ciki, don shekaruna da sana'ata sun ba ni wannan damar. Fatchima na bayana, tana riƙe da gefen zanena.

"Alhaji, bismillah, mu shiga ka gani," in ji Moumouni. "Mata sun kauce."

Alhaji bai motsa ba. "Maigidan fa?"

"Shina kwance. Ka san lalurar."

"Na sani. Ya san na zo?"

Moumouni ya sosa ƙeya. "Ni ƙanenshi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ba ka izini."

"Gidanka ne?" Alhaji ya tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba. "Mutum na numfashi cikin gidansa, in ƙetare zaurensa, in riƙa leƙa ɗakunan iyalinsa ina ƙwanƙwasa bango, shi bai ce in shiga ba? Ban yi wa mai lafiya haka ba, ba zan fara da marar lafiya ba."

Na kasa haƙuri, na sa baki. "Alhaji, ni na san ɗakunan ga ciki da waje. Bari in gaya maka yadda suke."

Ya yi murmushi. "Malama, ke dillaliya ce, ni ma ɗan kasuwa ne. Goro ma ba na saye sai na buɗe huhu na gani da idona. Bayan sallar Juma'a zan koma Djougou. In maigida ya ce in shiga, in shiga. In bai ce ba, zumunci na nan yadda yake."

Ya tashi ya sa takalminsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in jefe shi da taya ɗaya daga cikin na Hachimou. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiya ya faɗa. Mu uku mun zauna mun tsara komai, har da abin da za mu gaya wa delege, amma babu wanda ya tuna cewa gidan mai rai ba a shigarsa a bayan idonsa.

Ranar da yamma aka yi yayyafi na farko. Bai ko jiƙa ƙasa sosai ba, amma wani guntun yaɓe ya ɓallo daga bangon baya ya faɗi kusa da randa. Fatchima ta tsaya tana kallonsa.

Washegari bayan azahar ta yi wanka, ta ɗaura zane mai tsabta, ta shiga wurin mijinta. Ni na zauna a bakin ƙofa da faifai ina tsintar wake, ko ƙwaya ɗaya ban tsinta ba.

"Maigida," na ji ta ce, "gyaran ga da nike yi, ba na Sallah ba ne."

Sai ta ci gaba.

"Sayar da gidan za mu yi. Bangon baya ba shi kai wata damina, kuma ba ni da yadda zan yi. Moumouni ya ce mu taho gida. Na ɓoye maka, ban kyauta ba. Mai saye ya zo, Alhaji Sammani ne na Djougou. Ya ce ba shi shiga sai kai ka ce ya shiga."

Na kasa kunne ko zan ji wani abu, ko gurnani ne, ko jifa da kofi. Babu. Da ta fito, ta ce ya juya fuskarsa bango. Ranar bai sha kunu ba. Washegari ma ya datse baki, ko maganinsa ya ƙi karɓa. Moumouni ya shiga ya yi ta magana, ya fito kamar an zare masa laka. Fatchima ta ce da ni, "Zouéra, in gidan ya faɗi mun shiga uku. In kuma baƙin cikin ga ya kashe shi, ni na kashe shi."

Ranar Juma'a da hantsi muka ji ana buga kofi a ƙarfen gado. Muka ruga. Hachimou ya nuna akwatinsa da hannun hagu, ya yi ta nunawa har Fatchima ta ciro babbar rigarsa da hula. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan kalmar ta fito.

"Zau... re."

Aka goge masa jiki, aka sa masa riga. Moumouni ya goya shi, tunda ya rame ba shi da nauyi, Fatchima na biye tana tallabe da ƙafar da ke ja. Aka jingina shi da bango a kan tabarma, aka tokare shi da matashi, aka aika kiran Alhaji. Tun da ya faɗi, ranar ce ya fara ganin hanya.

Alhaji Sammani ya zo ya durƙusa, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, bai yi gaggawa ba, kamar ana amsa masa. Hachimou na kallonsa ido cikin ido. Can ya ɗaga haɓa wajen ƙofar ciki.

"Shi... ga."

Alhaji ya shiga tare da Moumouni. Mu muna madafi, muna jin takunsu daga ɗaki zuwa ɗaki. Sun daɗe a wajen bangon baya. Da suka dawo zaure, na bi su na tsaya a inda na saba.

"Bangon baya aiki ne, zan sa magina," in ji Alhaji. "Amma ɗakunan nan, ko gobe na sauke baƙo ba zan ji kunya ba. Malam Hachimou, abin da muka yi magana da ƙanenka, na amince. In ka sallama, ga hannuna."

Ya miƙa hannun dama. Na Hachimou na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Hagu kuwa ya ƙi ɗagawa, don ba a sallama gida da hagu. Moumouni ya sunkuya zai taimaka, Hachimou ya kau da kai, ya dubi ƙofar ciki. Fatchima, wadda ban taɓa ganin ta tsaya a zauren nan gaban baƙo ba, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito ta durƙusa. Ta ɗauki hannun mijinta da hannayenta biyu ta sa a cikin na Alhaji. Alhaji ya sunkuyar da kai har ta koma.

Kafin ruwa ya sauka sosai suka tafi Bariénou. A can Hachimou ya cika bayan an yi girbi, Fatchima kuma ta koma Djougou, ta ci gaba da yi wa amare ɗaki har ƙarfinta ya ƙare. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru bayan fitar Alhaji.

Moumouni ya sake goya yayansa zai mayar da shi gado. Suna tsakar gida, Hachimou ya ja wuyan rigarsa wajen sauran ɗakunan. Sai a lokacin na tuna cewa duk aikin nan da aka yi, ji kawai ya yi, bai gani ba. Moumouni ya kai shi ƙofar na farko, ya tsaya. Ya kai shi na biyu. Hachimou na kallon farin bango, da labule, da hasken da madubi ya watsa a kan daɓe, yana numfashi da ƙarfi. Gidan bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Na ƙarshe shi ne ɗakin Fatchima, wanda ya fara ginawa, inda aka haifi 'yarsu. Da Moumouni ya juya zai tafi, Hachimou ya miƙa hagunsa ya damƙi gefen ƙofar.

"Yaya, mu tafi," in ji Moumouni.

Bai saki ba. Moumouni ya ɗan ja, ya ji ƙarfin riƙon, ya tsaya yana kallonmu, idonsa ya yi ja. Fatchima ce ta matso. Ta riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har hannun ya sauka.

Da safen nan ta shafa masa man kaɗanya, don haka shatin tafinsa ya fito sosai a kan farin bangon. Bayan an kwantar da shi, na same ta tsaye tana kallon wurin.

Na ce, "Bar shi, Fatchima. Wa zai lura?"

Ta ce, "Ba namu ba ne yanzu."

Ta ɗauko ragowar farar ƙasa a ƙwarya, ta tsoma tsumma ta shafa a kai, hawaye na bin fuskarta, wannan karon ba ta ce hayaƙi ne ba. Maiƙon ya yi ta fitowa, ita kuma ta yi ta shafawa, har aka kira sallar Juma'a.